Sagiru da Buhunan Surukinsa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Sagiru, kuma katangar ba wani tsayi gare ta ba, don haka in na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba. A gona ma haka Allah Ya haɗa mu. Fangulan albasarsa suna iyaka da tumatirina, can ƙarshen kanal, inda ruwa yake isowa a gajiye, in ma ya iso. Ni kakannina Barebari ne, shi kuwa Bafulatani, to kun ga tsokanarsa gado ce na tarar, ba ni na ƙirƙiro ba. Bafulatanin da ko akuya ba shi da ita. Nakan ce masa ranar da ya mutu sai mun aro saniya mun ɗaure a ƙofar gida, don masu zuwa gaisuwa su yarda da asalinsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Dalhatu, ka bari." Duk faɗansa a duniya ke nan.

A wata ruga aka haife shi tsakanin Kura da Bunkure. Da gonakin rani suka yi ta cin burtali, shanun babansa suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har tsohon ya haƙura ya zauna ya kama fartanya. Ya rasu ya bar 'yar gona da 'ya'ya maza reras. Ranar rabon gado, da aka zo kan Sagiru aka tambaye shi ra'ayinsa, sai ya ce duk yadda suka yi daidai ne. Su kuwa suka yi yadda suka yi. Ya tashi da keken tsohon, wanda ba shi da kaca, da wata buta.

Haka yake tun yana yaro. In ka taka masa ƙafa a sahun salla, shi zai ce maka sannu. Mai shayinmu ya taɓa manta sa masa sukari, ya shanye tas ya yi godiya. Lokacin da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, da labari ya zo cewa an fito a Kano, Sagiru rediyonsa ya kashe ya tura ƙarƙashin gado, wai kada a ji muryar masu zanga-zanga tana fitowa daga gidansa. Ina faɗa muku wannan ne don ku san irin mutumin da yau in ka tambayi yaran garinmu wane ne jagoran masu fita neman haƙƙi, za su nuna maka ƙofarsa.

Matarsa Ruƙayyatu marainiya ce, a hannun ƙanin mahaifiyarta ta tashi, Alhaji Mustapha. Shi Alhajin nan yana da injin casar shinkafa, yana da kuma makekiyar gonar shinkafa a farkon kanal ɗinmu, inda ruwa yake fara sauka da ƙarfinsa. Yana da wani ɗan yanki a ƙarshen kanal da bai damu da shi ba, shi ne ya ba Sagiru aro bayan biki, ya ce ya riƙa ci da iyali. Aro kuwa kun san shi, ranar da mai abu ya ce tashi, ka tashi. A wannan ɗan yankin Sagiru yake noman albasa da rani, ya yi shinkafa da damina, da shi yake ci da matarsa da 'ya'yansu mata. Ba shi da wani abu a bayansa.

Kunyar suruki kuwa, ban taɓa ganin wanda ya ɗauke ta da zafi kamar Sagiru ba. In ya hango motar Alhaji tun daga nesa, zai diro daga keke ya cire takalmi ya durƙusa a gefen hanya, ko da ba Alhajin ne a ciki ba. Sau nawa direba yana wuce shi yana dariya.

To, a ranin da abin ya faru, mun yi dashe lafiya, albasa ta kama, sai ruwa ya fara ja da baya. Yau ya zo kamar fitsarin yaro, gobe ko ɗigo. Kowa ya san dalili. Yaran Alhaji sun jera buhunan ƙasa a cikin kanal, daidai ƙasan bakin da yake shiga gonarsa, ruwan ya taru ya juya cikin shinkafa. An je ofishin masu kula da ruwa, sun ce za su zo su duba. An koma, sun ce wanda zai duba ya yi tafiya. Kan ganyen albasar Sagiru ya soma yin rawaya, ƙasar fangali ta tsage har kana iya tura yatsa. Na ce masa in ya je gaida surukinsa ya ce albasa ma tana gaisuwa. Bai yi ko murmushin ba.

Ana haka sai Isiyaku ya kira gayyar yashe kanal. Isiyaku shi ne mai kula da layin ruwa a ɓangarenmu na ƙarshe, dogo ne, mai jan ido, ya daɗe yana cike da Alhaji. Ita gayyar ba sabon abu ba ce, duk shekara ana yi. Ciyawar kacala da laka suna toshe kanal, sai a fito da shebur da lauje a share. Tana da ƙa'idarta tun iyayenmu. Ana farawa daga ƙarshe a yi sama. Mai kula da layi yana riƙe da doguwar gora, ya shimfiɗa ta a gaɓa, tsawonta shi ne kason mutum ɗaya. Ana bin jerin gonaki, in ka gama naka ka wuce gaba ka jira gora ta sake zagayowa kanka. Ba a musayar kaso, ba a tsallake kaso, kuma ba a barin gayya sai an tashi. Wanda ya gudu, ya fita daga layin ruwa na wannan ranin, kuma ranar cirar albasarsa ba wanda zai leƙo.

Sagiru ya riga kowa zuwa. Shi a ransa kacala zai yanka.

Muka yi ta aiki tun da safe, ana raha, ana jifan juna da laka. A shekarun baya gayyarmu tana tsayawa ne a wata kwalbati, daga nan kuma 'yan sama su ɗauka. Rannan da muka iso kwalbatin, Isiyaku bai ko waiwaya ba, ya tsallaka da gorarsa ya ci gaba da awo. Aka kalli juna, aka bi shi. Daga nan raha ta fara raguwa, don kowa ya san abin da yake gabanmu.

Sai ga buhunan. An jera su hawa-hawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, jikinsu ɗauke da sunan injin casar Alhaji da jan fenti. Bayansu ruwa ne cike taf har yana taɓa leɓen kanal, gabansu kuwa inda muke tsaye iya idon sawu. Mutumin da yake gaban Sagiru a jeri ya gama kasonsa 'yan taku kaɗan kafin buhunan. Isiyaku ya shimfiɗa gora, ta hau kansu ta wuce. Ya ɗaga kai ya kira sunan mai bi.

Har yau akwai masu cewa Isiyaku ya yi ta jan gorar nan tun daga kwalbati don ta faɗo haka. Ni dai ban gani ba. Abin da na gani shi ne Sagiru tsaye a cikin laka, shebur a hannu, yana kallon jan fentin nan kamar an nuna masa kabarinsa.

Ya matsa kusa da Isiyaku ya yi ƙasa da murya. "Yaya Isiyaku, ba a sake awo?"

"Gora ce ta auna, ba ni ba."

Na ce to ni zan karɓar masa, ya ɗauki nawa na gaba. Sai Dattijo, tsohon da ya fi kowa daɗewa a kanal ɗin nan, ya ce tun da aka yanka hanyar ruwan nan bai taɓa ganin an yi musaya ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ba da mugunta ya faɗa ba. Shi ƙa'ida kawai ya sani.

Ba wanda ya ce wa Sagiru ɗauki, ba wanda ya ce bari. Mutum wajen hamsin a kan gaɓa, kowa ya dogara da sheburinsa yana kallonsa. In ya fita, ya fita daga layin ruwa, albasa ta mutu. In ya ɗaga, ya ɗaga wa mai gonar hannu. Ya daɗe a tsaye har na fara jin nauyin kallon a jikina. Can sai ya jingine shebur, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla ya rungumi buhun sama.

Daga baya na matsa masa da tambaya, na ce Bafulatani, me ya shiga kanka? Fushi ne? Ya ce wallahi bai ji fushi ba, idanun mutane ne suka yi masa yawa, ya rasa inda zai sa fuskarsa in ya hau gaɓa ya tafi. Sannan ya ƙara da cewa amma da buhun farko ya fita, ruwan ya bugo masa ƙafa da sanyi ya wuce ƙasa wajen gonakinmu, sai ya ji wani abu mai kama da daɗi, Allah Ya yafe masa.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma da ruwa ya ɓalle, jama'a suka ɗauki kabbara, sai Isiyaku ya ce ba za a bar buhunan nan a gaɓa a mayar da su gobe ba, a kai wa masu ofis, tun da sun kasa zuwa su gani. Wani ya ɗora wa Sagiru buhun farko a ka. Kun san gaɓar kanal, mutum ɗaya take ci. Dama ruwa, hagu shinkafar Alhaji. Shi ne a bakin gaba saboda kasonsa ne na ƙarshe, kowa kuma yana bayansa. Na ga ya tsaya sau biyu yana neman inda zai sauke, na baya suka turo. Laka tana zubo masa ta kunne. Haka ya ja mu har bakin titi, shi da ba ya son ko a kira sunansa a taro.

A hanyar nan na yi ta kallon fuskoki, don ni na zo ne kada a ba ni labari. Isiyaku kam abin da ya daɗe yana dafawa ne ya nuna. Dattijo yana ta ɗingishi a baya yana ba da labarin gonar ubansa da kanal ya raba biyu tun yana saurayi, kamar yau za a biya shi. Wani Fatihu ɗan acaba, wanda ko tukunyar fulawa bai taɓa shukawa ba, ya ajiye babur ya shigo saboda ya ga abokansa, ya fi kowa ɗaga murya, waya a sama yana ɗauka. Da muka biyo ta wajen matan da suke turara shinkafa, wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Na lura kafaɗar Sagiru ta ɗan miƙe. Tun ranar aurensa ba a sake yi masa guɗa ba.

A ƙofar ofis wani jami'i ya fito yana gyara hula, ya tambayi wane ne shugaba. Na waiga neman Isiyaku, sai na hango shi ya koma tsakiyar mutane yana gyara takalmi. Jami'in ya dubi wanda yake gaba da buhu a ka, ya karanta jan fentin, ya ce, kai ne ka cire?

Sagiru ya nemi durƙusawa, buhun ya hana shi. "Ranka ya daɗe, kasona ne ya faɗo a kai."

Jami'in bai gane ba, ya ce me?

"Albasa ce, ranka ya daɗe. Ba ta iya jira."

Jama'a suka kaure da kabbara kamar ya yi huɗubar Idi. Aka jibge buhunan a ƙofar ofis, jami'in ya yi alkawarin ba za a sake tare ruwa ba, aka watse.

Kafin ya iso gida, hoton ya riga shi. Fatihu ya tura wa duniya, har Ruƙayyatu ta gani a wayar maƙwabciya. Na kasa kunne ta katanga ina jiran tashin hankali, ban ji komai ba sai ƙarar kwano. Ta zuba masa ruwan wanka, ta ajiye abinci. Sai can na ji ta ce, a hankali, "Malam, sunan Kawu ka ɗora a ka, ka zaga gari da shi."

Ya je ba da haƙuri, aka ce Alhaji yana barci. Ya koma, aka ce ya fita, alhali ga mota a ƙofa. Ruƙayyatu ce ta shiga ta cikin gida, ta durƙusa gaban mutumin da ya rene ta, ta dawo da saƙo. Alhaji ya ce shi ba ruwan ne ya dame shi ba, sunansa da aka kai ƙofar hukuma a kan surukinsa ne. In Sagiru yana son ya ci gaba da zama a gonar, ya tashi a masallacin unguwarmu bayan sallar La'asar ranar Juma'a, ya faɗa wa jama'a cewa Isiyaku ne ya yaudare su da sunan gayya, shi bai san da wata maganar tare ruwa ba. In ba haka ba, ya cire albasarsa ya bar masa ƙasarsa.

Abin haushi, a daidai lokacin ruwa yake zuwa mana kamar ba a taɓa rashinsa ba. Albasar Sagiru ta murmure ta yi kai, tana fasa ƙasa. Mutanen da da ba sa ganinsa suka fara tsayawa su miƙa masa hannu biyu. Yara suna kiransa Jagora. Wata tsohuwa daga wani ƙauye ta zo takanas ta kawo masa ƙarar mai unguwarsu. Shi kuwa sai ramewa yake. In ya je gona ya zauna a kan kunya ya zuba wa albasar ido, ba ya ko korar tsuntsu. Na ce masa ai abin mai sauƙi ne, ya tashi ya faɗa da Fulatanci, Alhaji ya ji an ce ya yi magana, mu kuma ba mu ji komai ba. Ya ce shi Fulatancin ma ya manta.

Ya tambaye ni me zan yi in ni ne. Na ce ni ba ni da suruki mai injin casa, Allah Ya rufa mini asiri. Ruƙayyatu ba ta ce masa yi ko bari ba, sai dai ta wanke masa farar rigarsa ta goge ta rataye inda zai gani.

Ranar Juma'ar masallaci ya cika fiye da kullum, don magana ta fita. Direban Alhaji yana sahun baya, an aiko shi ya ji da kunnensa. Liman ya sallame, aka yi tasbihi, sai Sagiru ya miƙe cikin farar riga. Ya yi sallama, aka amsa. Ya dubi Isiyaku, wanda ya sunkuyar da kai. Ya dubi Dattijo, da sauran waɗanda suka tsaya a gaɓa rannan, waɗanda yanzu albasarsu da tumatirinsu suke shan ruwa. Ya buɗe baki ya rufe.

"Jama'a," ya ce. "Dama... dama cewa zan yi a sa mu a addu'a."

Ya zauna. Liman ya ɗan jira ko akwai saura, da ya ga babu sai ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Direba ya sa takalminsa ya fita.

Ranar cirar albasarsa, gayyar da ta taru ban taɓa ganin irinta a ƙarshen kanal ba. Har waɗanda ba su da gona a layinmu sun zo. Albasa ta yi kyau, kowace kamar dunƙulen hannu. Muna cikin ɗura ta a buhu yaran Alhaji suka iso da shanun huɗa suka tsaya a gefe suna jira mu gama. Sagiru da kansa ya nuna musu inda bakin ruwa yake, ya ce su kula da kusurwar gabas, tana riƙe laka.

An yi ta cewa za a nemo masa wata gonar. Isiyaku ya faɗa, Dattijo ya faɗa, ni ma na faɗa. Amma a ƙarshen kanal kowa ɗan abin da yake hannunsa bai ishe shi ba, masu manyan gonaki kuma ba wanda yake son ya ba wa Jagora aro. Yanzu a Kura yake aiki, a wani injin casa da ba na Alhaji ba, yana shanya shinkafa a kan siminti yana juya ta da ƙafa daga safe zuwa yamma. Ruƙayyatu tana soya awara a gida. Da Salla ta kai yara gaida Kawu, aka karɓi yaran, ita aka bar ta a zaure.

Kwanan baya maganar taki ta taso, an ce an kawo na manoma an karkatar, za a fita a je sakatariyar ƙaramar hukuma. Da sassafe na ga Isiyaku da mutanensa a ƙofar Sagiru suna sallama. Ya fito yana saka hula, fuskar nan kamar wanda za a kai asibiti a cire wa haƙori. Na bi shi muka jera a hanya. Na ce kai da ba ka da ko fangali ɗaya, takin me za ka nema, a kan simintin za ka barbaɗa?

Ya ce shi ma ba son zuwa yake ba, kuma mai injin ya ce in ya makara a bakin aikinsa.

"To koma mana," na ce.

"In na zauna a gida, Dalhatu, me zan ce wa yaran nan na rasa gonar a kai?"

Da muka iso inda aka taru, mutane suka dare suka buɗe masa hanya. Ya nemi ya tsaya nan baya kusa da ni, Fatihu ya kamo hannunsa ya ja shi gaba.